Ƙwayar da Na Ɓoye a Tifa

Ni direban tifa ne. Sunana Saleh, a Kuje nake zaune, yashi nake ɗauka daga rafi ina kai wa masu gini a cikin Abuja. A shekarun da garin nan ya haukace da gine-gine, duk inda ka juya ana haƙa tushe, sawu biyar nake yi a rana, wani lokaci shida. Abincina a kan sitiyari nake cinsa: burodi da lemun kwalba da safe, da rana teba ko sakwara malmala uku, in sake korawa da lemo. Haka na tara tumbi har sai da na ja kujerar mota baya. Daga nan ciwon suga ya kama ni.

Shekara huɗu ina shan magani. Da farko ƙwaya biyu ce, wata babba fara, wata 'yar ƙarama. Likitata Dokta Sumayyah ce, yarinya ce a kaina, da kaɗan ta girmi 'yata ta fari, amma ba ta wasa. Ita ta hana ni lemo, ta hana burodi, ta rage min tuwo ya koma kamar dunƙulen hannu, ta ce kullum bayan asuba in taka a ƙasa. Na yi gardama. Da na ga an yanke wa wani abokin aikinmu ƙafa saboda ciwon nan, sai na bi. Kilo goma sha takwas na sauke. Ta cire ƙaramar ƙwayar, bayan wata shida ta ce in riƙa raba babbar biyu. Duk wannan bai dame ni ba, tunda dai akwai abin da nake haɗiya.

Sai wata Talata muka je ni da matata Rekiya. Likita ta daɗe tana duba takardar awon jinina, sannan ta ɗago.

"Malam Saleh, daga yau ka daina shan magani."

Na ce, "Wanne?"

"Ai ɗaya ya rage. Shi ɗin. Awon wata uku ya yi kyau sau uku a jere. Za mu gwada ka ba magani, abinci da tafiya kawai. Ka dawo bayan wata uku."

Murmushi take yi. Shekara huɗu ina zuwa wurinta ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar.

"Likita, ba ke kika ce min ciwon nan ba ya warkewa ba?"

"Ban ce ya warke ba. Kwanciya ya yi."

"To in ya kwanta, ba sai a ci gaba da danne shi ba?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Je ka wurin kati a rubuta maka ranar dawowa. Mama, ke ki ɗan tsaya."

Wannan "ke ki ɗan tsaya" na san shi.

Shekara tara kafin nan, yayana Yelwa ya kwanta ciwon hanta a wani asibiti. Ni nake jinyarsa. Ran nan likita ya yafito ni, muka fita baranda, ya ce mu mayar da shi gida, mu daina wahalar da shi da magani, mu ba shi duk abin da ransa yake so, mu yi ta addu'a. Na koma ɗakin na ce wa Yelwa da bakina, "Yaya, likita ya ce ka samu sauƙi, an sallame mu." Har murmushi na yi masa. Ya ce alhamdulillahi. Kwana goma sha tara ya yi a gida. A wurinmu haka ake yi, ba a gaya wa marar lafiya, nasa ake gaya wa. Ban ga laifin hakan ba a lokacin, yau ma ban ce laifi ba ne. Amma wanda ya taɓa yin wannan aikin da bakinsa, ba za a yi masa shi bai gane ba.

Ban je wurin kati ba. Na zagaya na tsaya ta taga. Likita tana magana tana zana wani abu a takarda, Rekiya tana share ido da gefen mayafi.

A mota na tambaye ta, "Me ta ce miki?"

"Maganar abinci ce."

"Abinci ne ya sa ki kuka?"

"Kukan murna ne, Baban Nafeesa. Shekara huɗu fa."

Na ce, "Uhm."

Washegari mutane suka fara zuwa yi min barka. Maƙwabta, direbobi, har limamin masallacinmu, wanda ya yi addu'a doguwa har hannuna ya gaji. Ranar Alhamis sai ga Nafeesa, 'yata da ke aure a Masaka, ta kwaso 'ya'yanta duka uku, ba wanda ya ce min za ta zo. Ta ce jikokina su zo su gaida Kaka su ɗauki hoto da shi. Hoto! Haka muka yi wa Yelwa, aka yi ta turo dangi daga gida da sunan barka da sauƙi, alhali kowa ya san sallama ya zo yi.

Ita kuma Rekiya ta daina musu da ni. Shekara ashirin da shida muna tare, in na ce fari sai ta ce a sake dubawa. Yanzu komai na faɗa sai ta ce to. Na ce miya ba gishiri, alhali akwai, ta ce in yi haƙuri.

Sai na fara kallon jikina da wani ido. Da ina alfahari da ramar nan, ina cewa ni na sauke ta da ƙafata da bakina. Yanzu na tsaya gaban madubin mota ina kallon wuyana. Yelwa ma da rama ya fara. Wa ya sani ko tuntuni wani abu ne yake cina a ciki, ni kuwa ina ta yabon zogale da kabeji?

Na ce bari in yi gwaji ɗaya. Ranar Juma'a bayan masallaci na ce, "Rekiya, masa nake so. Da zuma."

Shekara huɗu, in na ambaci masa, harara ce ladana. Na jira hararar. Sai ta ce, "To, likita ta ce ba a hana ka komai ɗungurungum ba, in dai kaɗan ne kuma ba kullum ba. Guda biyu zan kawo, amma ban da zuma."

Ta kawo a faranti. Na zauna ina kallon masar nan guda biyu. Ku ba shi duk abin da ransa yake so. Na tura farantin gefe na ce na fasa.

A ranar na yanke shawara. In su sun sallama ni, ni ban sallama kaina ba. Na tuna 'yar ƙaramar ƙwayar nan ita ce mai ƙarfi, ita ta sauko min da suga a farkon ciwon lokacin da yake sama. Kwalinta na dā yana cikin akwatin sifanata. Na ɗauka na kai wani kemis da ba a san ni ba, na ajiye a kan kanta na ce irin wannan. Mai kemis bai tambaye ni komai ba. Na ɓoye ta a aljihun gaban tifa, ƙarƙashin tsumman goge gilashi. Kullum in na tayar da mota sai in haɗiyi ɗaya. Abinci kuma na ƙara ragewa, don kada in ba ciwon abin da zai ci. Rekiya takan zuba min wake da ganye a kula, sai in ci rabi in ba masu loda yashi sauran.

Kwana uku da farawa, wajen sha ɗaya na safe, hannuna ya riƙa rawa, gumi yana keto min. In na ci abinci sai ya lafa. Na ce ga shi nan, abin da suke ɓoye min ya fara nuna kansa. Sai na mayar da ƙwayar biyu.

Kwana na tara na ɗauko Zacharias a bakin rafi. Manomi ne Bagwari, gonarsa tana jikin inda muke ɗibar yashi, mun fi shekara goma sha biyar da sanin juna. Shi yake kawo min acha da gauta tun da na fara ciwon nan, don matarsa Christiana ma tana da shi, nata har allura take yi. Ranar zai kai kwando biyu na yalo kasuwar Kuje, ya ɗora su a kan yashin ya shigo gaba.

"Oga Saleh, an ce likita ya yaye ka," in ji shi. "Ka zama babban yaro."

"Haka suka ce."

"To me ya sa fuskarka kamar an kama motarka?"

Na sa giya muka hau hanya. Mota cike take, ga hawa. Tun kafin mu kai rabin hawan na ji gumi mai sanyi ya jiƙa min baya. Zuciyata tana bugawa kamar injin da ya rasa mai. Titi ya zama biyu a idona. Na kai hannu zan sauya giya, na nemi sandar na rasa, alhali shekara talatin hannuna ya san inda take.

"Oga, motar nan tana tafiya kamar ya sha burkutu," Zacharias ya ce. Sai kuma ya daka tsawa, "Kai! Mata! Mata a gaba!"

Wasu mata ne su huɗu a gefen titi, ɗauke da itace a kafaɗa. Ban san lokacin da motar ta karkata ta nufe su ba. Zacharias ya cafki sitiyari ya murɗe, ni kuma na tattara abin da ya rage min na taka birki. Tifar ta tsaya, tayar gaba tana leƙen kwalbati. Matan suka watsar da itacen suka faɗa ciyawa. Ɗaya ta taso tana zagina da yarensu. Ta yi daidai.

Na ja birkin hannu, na jingina da kujera, na fara kalmar shahada. Na ce, "Zacharias, lokaci ya yi. Ka gaya wa Rekiya na sani tun farko. Na yafe mata."

Ya taɓa goshina, ya dubi hannuna da ke karkarwa. "Me ka ci yau?"

"Ba komai."

Ya diro daga motar ya ruga wani ɗan shago da ke tsallaken titi, tsoho da shi yana gudu kamar an biyo shi. Ya dawo da lemun kwalba, ya buɗe da haƙori ya kafa min a baki.

Na kau da kai. "Shekara huɗu ban sha gubar nan ba. Ƙarasa ni za ka yi?"

"In kashe ka nake so, ai da na bar maka sitiyari. Sha!"

"Suga ce fa a ciki."

"Suga ɗin nake nema! Naka ya faɗi ƙasa. Haka Christiana yake yi in ya yi allura bai ci abinci ba. Sha, Bahaushe mai taurin kai, kada ka mutu min a kan yalona."

Na sha. Ban yarda da shi ba, ƙarfin musu ne ba ni da shi. Kafin minti goma titi ya koma ɗaya, rawar hannu ta tsaya, na ji yunwa kamar in ci kujera. Zacharias ya buɗe aljihun gaban mota zai ɗauko tsumma ya share min gumi, sai kwalin ya faɗo kan cinyarsa. Ya ɗaga shi ya juya.

"Wannan fa? Ba an ce an hana ka magani ba?"

Na gaya masa komai, har da Yelwa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya girgiza kai.

"To. Kai kana zargin mutane sun bar ka ka mutu, sai ka ce bari ka riga su. Har da matan mutane huɗu za ka tafi da su rakiya."

Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce.

Bai bar ni na sake taɓa sitiyari ba. Ya ce irin ƙwayar nan tana daɗewa a jiki, abin zai iya dawowa. Na kira wani direbanmu ya zo ya ɗauki motar. Zacharias ya sayo min ƙosai ya tsaya a kaina na cinye, ya bar yalonsa a shagon, ya sa ni a tasi har asibiti.

Dokta Sumayyah ta sa aka soki yatsana aka auna. Zacharias ya ajiye mata kwalin a tebur kamar ɗan sanda ya kawo shaida. Ta karanta, ta tambaye ni guda nawa nake sha. Na ce biyu. Murmushin nan na ranar Talata babu shi.

"Biyu? Ba abinci? A kan tifa cike da yashi? Malam Saleh, wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni."

"A ina ka yi karatun likita?"

"Aji uku na yi a firamare."

"To wannan ƙwayar ba ta san suganka ya sauka ba. Aikinta ta tura shi ƙasa, ko yana sama ko ba ya sama. Shi ya sa na cire ta tun bara. Da ka suma a hanya fa?"

Ta yi ta faɗa har wata nas ta leƙo. Abin mamaki, faɗan ya fi murmushin kwantar min da hankali. Ba a yi wa mai mutuwa faɗa haka. Amma na ce a raina, mai ilimi ce, za ta iya yin faɗan ma don ta rufe ni.

Na ce, "Likita, bari in tambaye ki, ki dube ni. Kwana nawa ya rage min?"

Zacharias ya ce, "Gaya mata labarin ɗan'uwanka." Na gaya mata. Na ce na ga ta fitar da ni ta tsayar da matata, na ga kuka, na ga an hana magani, an ba ni masa. Na ce ni ma na taɓa tsayawa a baranda.

Ta ajiye biro. Muryarta ta sauka. "Ana yin haka, ba zan musa maka ba. Amma ni ban yi maka ba."

"Wanda ya yi wa Yelwa ma haka zai ce."

"Gaskiya ne," in ji ta. "Kuskurena ne da na fitar da kai. Na ga ita ke girki, kai kuma in ana maganar abinci sai ka yi ta gardama, shi ya sa."

Ta jawo takarda ta zana faranti, irin zanen da na hango ta taga. Ta raba shi biyu ta ce rabi ganye ne, zogale, alayyafo, kabeji, kuɓewa, duk wanda aka samu. Ɗaya rabin ta sake raba shi, gefe wake ko kifi ko ƙwai ko nama, gefe acha ko tuwon dawa ko 'yar doya. Sau uku a rana, ba tsallakewa. Lemo sai irin na yau, in suga ya faɗi, kuma in na bar ƙwayar nan ba zai faɗi ba. Ta ce ciwon yana nan kwance, in tumbi ya dawo zai tashi, in ya tashi ita da kanta za ta mayar da ni kan magani, ba kunya a ciki. Ta ce ko ba magani za a ci gaba da duba min ido da ƙafa da ƙoda duk shekara.

"Wanda aka sallama ya je ya mutu, ana ba shi ranar dawowa?" ta tambaye ni.

"Yelwa ma an rubuta masa."

Zacharias ya ce, "Likita, ki bar shi. Wannan ko mala'ika ya zo sai ya nemi lasin."

Ta sake ɗaukar biro ta rubuta a wata takarda. "Ga sunan awon suga na wata uku. Ga na hanta, tunda ita kake tsoro. Ga na ƙoda. Kada ka yi a nan. Ka je duk inda ka ga dama, kada ka gaya min, kada ka gaya wa Mama. Ka karɓi sakamakon da hannunka."

Ta riƙe ni a asibitin sai washegari, don ƙwayar ta gama fita. Kwalin kuma ta jefa shi a aljihun teburinta ta kulle.

Mako na zagayowa na ce wa Rekiya zan je duba taya. Na hau mota har Bwari, can ɗaya ƙarshen Abuja, inda ba ni da kowa. Na sami wani wurin awon jini a saman wani shagon fenti. Mai awon, James aka rubuta a ƙirjin rigarsa, bai amsa sallamata ba. Ya karɓi takardar, ya ɗaure min hannu, ya soka allura kamar yana huda buhu, ya ce in dawo jibi. Da ranar ta zo na sake hawa mota na koma.

Layi ne a wurin. Da aka zo kaina ya zaro takardata ya miƙo, idonsa a kan wayarsa.

Na ce, "Karanta min. Lamba kawai nake ganewa."

Ya ja tsaki ya duba. "Hanta nomal. Ƙoda nomal."

"Suga fa?"

"Shida da ɗigo ɗaya. Kana shan magani?"

"An hana ni."

"To ka ci gaba da abin da kake yi."

"Ka tabbata? In akwai wani abu ka faɗa min, ni kaɗai na zo."

Sai a lokacin ya ɗago ya kalle ni. "Baba, ni ban san ka ba. Ka mutu, ka rayu, mene ne nawa a ciki? Abin da inji ya rubuta na karanta maka. Matsa, akwai mutane. Na gaba!"

Ban taɓa jin daɗin wulaƙanci irin na ranar ba. Na sauko daga benen na tsaya a bakin shagon fenti na sake duba lambar da idona. Shida, ɗigo, ɗaya. Ɗan acaɓa ya tsaya ya ce tasha, na ce ya wuce, da ƙafa zan je.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Bayan wata uku zan koma wurin Dokta Sumayyah yadda ta ce, in zauna a ɗakin har a gama magana. In na fito kuma in hau mota in zo wurin James, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba.